Yadda muka samo wa Baba Medicaid bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki a New York

Tun da aka ji gwamnati ta ɗauki nauyin jinyar Baba, ba na rasa mai tare ni a ƙofar masallaci ko mai kirana a waya yana tambayar yadda muka yi. Bayani a tsaitsaye ba ya gamsarwa, shi ya sa na zauna na rubuta shi tiryan-tiryan. Alƙaluman da zan kawo na jihar New York ne na shekarar 2024. Kowace shekara ana sauya da yawa daga cikinsu, kuma kowace jiha da nata tsarin, don haka wanda ke Ohio ko Texas kada ya ɗauki nawa ya yi aiki da su kai tsaye.

Baba ɗan Damagaram ne. Ya zo Amurka a shekarun 1990, ya yi tuƙin tasi har ƙarfinsa ya fara ja baya, ya kuma samu takardar zama ɗan ƙasa tun muna yara. A watan Fabrairun 2024 ya faɗi bayan sallar asuba, ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Da aka kwantar da shi a asibiti hankalinmu kwance yake ta wajen kuɗi, domin yana da Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke bai wa wanda ya kai shekara 65. A zatonmu ita ce za ta biya komai har ƙarshe. Jami'ar walwala ta asibitin ce ta zaunar da ni ta warware mini: Medicare tana biyan magani da aikin likita, amma ba ta biyan wanda zai yi wa tsoho wanka, ya kai shi bayi, ya ba shi abinci wata da watanni. Abin da take yi shi ne, idan an kwantar da mutum a asibiti kwana uku cur, za ta biya masa zaman gashi da motsa jiki a gidan jinya, iyakarsa kwana 100. Kwana 20 na farko ita ke biya duka. Daga na 21 kuwa majinyaci zai riƙa cika dala 204 kullum. Ta kuma ja kunnena a kan wani abu: akwai wanda zai kwana uku a gadon asibiti amma a rubuce ana sa masa ido ne kawai, ba a shigar da shi cikin waɗanda aka kwantar ba, kuma waɗannan kwanakin ba sa shiga lissafi. Tambaya ake yi, ba a zato. Baba dai an kwantar da shi ne a rubuce, sai aka wuce da shi gidan jinya a nan Bronx.

Ranar da muka kai shi aka miƙo mini takardu masu kauri, an liƙa alama a duk inda zan sa hannu. Akwai wurin da ke nuna cewa ni ce zan tsaya wa kuɗin idan ba a biya ba. Dokar tarayya ta hana gidan jinya ya sa wannan ya zama sharaɗin karɓar majinyaci, amma idan ka sa hannu da kanka ka jawo wa kanka magana. Na rubuta a gefen sunana cewa a madadin Baba nake sa hannu, ba a kan aljihuna ba. A wannan makon ne kuma banki ya ƙi ya ko gaya mini abin da ke cikin asusunsa, domin ba ni da takardar wakilci. Allah ya taimake mu Baba yana gane komai, magana ce kawai ta yi masa wuya. Muka kawo notari, wato jami'in da ke tabbatar da sa hannu, da shaidu biyu har bakin gadonsa, kamar yadda dokar jihar ta tanada tun 2021, aka karanta masa, ya kama alƙalami da hagu ya ja layi. Da hankalinsa ya gushe, sai dai mu nufi kotu neman a naɗa masa mai kula, kuma wannan aikin watanni ne da kuɗin lauya.

Ba mu kai ko rabin kwana 100 ɗin ba aka kawo takarda cewa nan da kwana biyu Medicare za ta daina biya, wai ba ya ƙara samun ci gaba a wajen gashi. Ana iya ɗaukaka ƙara ta waya, lambar tana jikin takardar, amma wa'adin bai wuce tsakar ranar washegari ba. Mun kira, an ƙara masa ɗan lokaci, daga baya aka rufe. Ofishin kuɗi na gidan jinyar ya gaya mini farashin mai biya da kansa: sama da dala 500 a rana. Na lissafa da ajiyar Baba, dala 47,000 da ya tara don ƙarasa gininsa na gida da komawa aikin Hajji, na ga ba za ta kai shi wata huɗu ba.

Ɗauko shi kuwa ba ya yiwuwa a lokacin. Gidan da muke haya a hawa na huɗu yake, babu lifta, kuma sai mutum biyu sun kama shi yake tashi daga gado. Inna ta yi kuka ranar da na faɗa mata zai ci gaba da zama. "Yanzu sai a ce muna da rai mun kai shi gidan gajiyayyu? Me zan ce wa danginsa?" Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba ajiye shi muka yi ba, jinya yake." Ban ga laifinta ba, don maganganun da ta ji tsoro sun zo, har daga Damagaram. Masu yin su dai babu wanda ya taɓa ɗaga namiji baligi daga gado zuwa kujera da ƙarfe uku na dare.

Nan aka fara maganar Medicaid, wato tallafin jinya na masu ƙaramin ƙarfi wanda tarayya da jiha ke haɗa kuɗinsa, kuma ita ce ke biyan doguwar jinya. Fom ɗin sunansa DOH-4220, sai wani ƙari da ake kira Supplement A na tsofaffi da masu nakasa. Cike fom ɗin bai ɗauke ni yini ba. Abin da ake haɗawa da shi ne aikin: fasfo da takardar zama ɗan ƙasa, katin Medicare, takardar aure, takardar haya, wasiƙar da ke nuna fanshonsa na Social Security, takardun haraji, da bayanin shige da ficen kuɗi na kowane asusun banki da shi ko Inna suka taɓa riƙewa cikin wata 60 da suka wuce, har wanda aka rufe. Shekara biyar cif, babu watan da za a tsallake. Ɗaya daga cikin bankunan ya caje ni kuɗin bugawa, ya kuma bar ni ina jira makonni.

Wata lauya a ƙungiyar da ke taimakon tsofaffi kyauta ita ta kwantar mana da hankali kan ajiyar. A yawancin jihohi mai neman wannan tallafi ba a barinsa da fiye da dala 2,000. New York ta fi sassauci, a shekarar tana barin mutum da dala 31,175. Sannan tunda Inna tana gida, doka ba ta yarda a talauta ta ba: za ta iya riƙe aƙalla dala 74,820 na dukiyarsu, kuma duk abin da miji ya mayar wa matarsa ba a ɗaukarsa kyautar da ake hukunci a kai. Muka mayar da mafi yawan kuɗin asusunta. Fanshonsa ma haka. A ƙa'ida wanda ke gidan jinya dala 50 kawai ake bar masa a wata, sauran ya tafi wajen biyan jinya, amma matar da ke gida ana cika mata kuɗin shigarta har zuwa dala 3,853.50 a wata. Inna ba ta kusa da wannan adadi, don haka fanshon Baba ya ci gaba da biyan haya.

Sai lauyar ta tambaye ni ko yana da wata kadara a ko'ina a duniya. Na yi shiru, domin dattawan unguwa sun riga sun ce mini kada in kuskura in ambaci gidan Damagaram, wa zai sani? Ta ce fom ɗin da rantsuwa ake sa masa hannu, kuma kuɗin da aka tura don ginin suna nan ɓaro-ɓaro a takardun banki. Gidan da mutum ke zaune a ciki ne ake ɗauke wa kai, wanda ke wata ƙasa kuwa dukiya ce kamar kuɗi. Baffa ya ɗauko hoton takardun filin, da Faransanci suke, muka biya aka fassara, ya kuma samo dillali ya rubuta ƙiyasin farashi da sefa aka juya zuwa dala. Gini ne da bai ƙarasu ba, kuma da aka haɗa shi da ajiyar duka ba su kai abin da aka halatta wa su biyun ba. Ashe abin da ake ta ce mana mu ɓoye ba zai hana komai ba, ɓoyewar ce za ta iya kai mu ga tuhumar zamba.

Mun miƙa takardu a watan Afrilu. A rubuce kwana 45 ne ake yanke hukunci, amma na gidan jinya yakan zarce. A tsawon lokacin Baba yana nan a matsayin mai jiran amsa, ba a kore shi ba, sai dai duk ƙarshen wata takardar bashi tana zuwa, adadin yana hawa. Medicaid tana iya komawa baya ta biya har wata uku kafin watan da aka nema, wannan ne ya sa nake iya barci.

Wasiƙar farko da ta zo jerin tambayoyi ce, shafi uku, da wa'adi gajere. An bi asusun Baba layi-layi, an fi tsayawa a kan duk abin da ya kai dala 2,000, sannan an tattara duk kuɗin da ya tura waje. Dalilin shi ne wata doka ta 2005 da ta fara aiki a 2006: duk abin da mutum ya bayar kyauta cikin shekara biyar kafin ya nemi a biya masa gidan jinya, ana ɗauka ya bayar ne don ya talauta kansa ya samu tallafi. Sai a raba jimillar da matsakaicin kuɗin gidan jinya na wata ɗaya a yankin, wanda a birnin New York ya ɗara dala 14,000, abin da ya fito shi ne watannin da ba za a biya masa ba. Kuma hukuncin ba ya fara aiki sai mutum ya riga ya shiga gidan jinya, kuɗinsa sun ƙare. Wani ya ce mini ai kyautar da ba ta kai dala 18,000 a shekara ba babu ruwan gwamnati da ita. Wancan dokar haraji ce, Medicaid ba ta san da ita ba.

An tsara wannan doka ne saboda masu hali da ke rubuta wa 'ya'yansu gidaje kafin tsufa ya kama su. Amma da aka ɗora ta a kan asusun Bahaushe direban tasi, rayuwarsa ce gaba ɗaya ta zama abin tuhuma. Kashi uku abin ya rabu. Na farko adashi: dala 500 na fita duk wata, sannan sau ɗaya a shekara dala 6,000 su shigo a dunƙule, tsaba. Na tafi wurin uwar adashin, wata Hajiya 'yar Kumasi, ta fito da littafinta mai bangon kore, sunayen masu zubi a jere, kowane wata da alamar biro a gaban suna, da ranar da kowa ya kwasa. Da farko ta ƙi yarda a ɗauki hoto, tana tsoron kada ta jawo wa mutane. Muka rufe sauran sunayen da takarda muka bar na Baba, ta kuma rubuta wasiƙa a gaban notari. Na biyu dala 8,000 da ya tura wa Baffa a 2022. Wannan ba kyauta ba ce, kuɗin rufin gininsa ne, kuma Baffa mutum ne mai adana takarda: rasit na kwano da katako da siminti duk ya turo ta WhatsApp. Waɗannan biyun ofishin ya karɓa.

Na ukun ne ya tsaya. Kuɗin cefane da yake tura wa Gwaggo duk wata tun mijinta ya rasu, da zakka, da kuɗin ragon layya, da gudummawar biki da ta rasuwa, da ƙarin da ya riƙa yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 lokacin da takunkumin ECOWAS ya sa kaya suka yi tsada a Nijar. Jimilla kusan dala 24,000. Amsa ta zo cewa an amince masa da Medicaid, amma da hukuncin wata ɗaya da kusan mako uku da ba za a biya ba. Da na karanta wa Baba, sai ya daɗe yana kallona, sannan ya ce da ƙyar, "Zumunci ne laifin?"

Hanya biyu ce. Ko a dawo da kuɗin, wanda ke rage hukuncin gwargwadon abin da ya dawo, ko a nemi zaman sauraron ƙorafi a gaban alƙalin hukuma cikin kwana 60. Kuɗin da aka ci tuwo da su shekara huɗu da suka wuce ba su dawowa, sai muka nemi zaman. Doka ta bar ƙofa ɗaya: idan ka nuna cewa kyautar an yi ta ne don wani dalili dabam, ba don neman Medicaid ba ko kaɗan. Nauyin kawo hujja a kanka yake. A nan halin Baba na ƙin zubar da takarda, wanda Inna ta shekara ashirin tana mita a kai, ya yi rana. A ƙarƙashin gado muka jawo gwangwanin biskit cike da rasit na tura kuɗi, wasu tun 2003, tawadar ta koɗe amma ana ganin sunan Gwaggo da kwanan wata. Muka jera su shekara-shekara don a ga cewa abin da yake yi yana da shekara hamsin shi yake yi yana da saba'in. Likitansa ya rubuta cewa kafin faɗuwar hawan jini kawai yake da shi kuma yana shan magani, babu dalilin da zai sa ya hango gidan jinya. Takardun haraji sun nuna yana tuƙi har 2023. Limaminmu ya rubuta bayanin zakka, cewa farilla ce ta kashi biyu da rabi cikin ɗari duk shekara. Ta waya aka yi zaman. Muka nemi tafinta na Hausa saboda Inna ta ba da shaida, kyauta ne kuma haƙƙi ne, amma sai ka nema tun da wuri. Bayan 'yan makonni hukunci ya fito, an soke watannin. Ba kowa ke dacewa haka ba. Na san gidan da suka yi irin wannan ƙorafi babu rasit ko ɗaya, domin ta hannun 'yan kasuwa ake kai musu kuɗin, kuma bashin ya hau kansu.

Zuwa ƙarshen shekara Baba ya fara tsayawa da sanda, mu kuma muka samu gida a hawan ƙasa. Jinyar gida tsarinta dabam ne, kuma a lokacin ba a binciken shekarun baya a kanta. Jihar ta yi dokar binciken wata 30 tun 2020, amma an yi ta ɗage fara aiki da ita, don haka a tambaya kafin a dogara da wannan. Sai an auna bukatar mutum sau biyu, nas sannan likita ko makamancinsa, kafin ya shiga ɗaya daga cikin kamfanonin da ake kira MLTC, su ne ke yanke awa nawa za a turo mai kula.

Wannan awon ina so kowa ya shirya masa. Nas ta tambayi Baba yaya jiki, ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ta ce yana iya zuwa bayi shi kaɗai? Ya kalli ƙasa ya ce yana iyawa. Ta ce wanka fa? Ya ce sai godiya. Ina ganin hannunta yana shigar da amsoshin a kwamfuta. Mutumin da bai taɓa cewa ba shi da lafiya ba ko da zazzaɓi na kaɗa shi, ba zai faɗa wa baƙuwar mace a gaban 'yarsa cewa ana sa masa ƙunzugu da dare ba. Na ce, "Baba, ka gafarce ni, zan faɗi yadda abin yake." Ya ɗaga mini hannu, ya juya fuska bango. Na fita da ita baranda na karanta mata littafin da muke rubuta komai: sau nawa ake tashi da shi cikin dare, ranar da ya zame a bayi, yadda ake yanka masa abinci ƙanana saboda ƙwarewa. Yini biyu bai yi mini magana ba. Duk da haka awannin da kamfanin ya fara bayarwa ba su isa ba. Sai an fara ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin kafin a je gaban alƙalin hukuma, kuma a matakin farkon aka ƙara mana, bayan likitansa ya rubuta wasiƙa ta biyu.

Baba ya ce mace ba za ta yi masa wanka ba, kuma kamfanin ba kullum yake da namiji ba. Mafitar ita ce shirin CDPAP, inda majinyaci ke zaɓar mai kula da shi da kansa, gwamnati ta biya. Mata ba ta iya karɓar albashin kula da mijinta, amma ɗa baligi yana iyawa. Ƙanena ya rage aikinsa ya karɓa. Daga Afrilun 2025 biyan albashin duka jihar ya koma hannun kamfani ɗaya, PPL, don haka a can ake rajista yanzu.

Akwai maganar gado da ya kamata iyali su sani tun da rai. Wanda aka biya wa jinya yana da shekara 55 ko fiye, jiha tana da ikon neman kuɗinta daga abin da ya bari bayan rasuwarsa. Ba ta taɓawa muddin matarsa tana raye, kuma a New York abin da ya bi ta kotun rabon gado kawai take bi. Mun kai wa malam tambayar, ya ce bashi ai shi ake fara fitarwa kafin magada.

Masu tambayata game da iyayen da suka ɗauko daga gida da katin zama, nasu ya ɗan bambanta da na Baba. Dokar tarayya ta 1996 ta sa yawancinsu jiran shekara biyar kafin su samu Medicaid, amma New York tana biya musu da kuɗin jiha tun bayan wani hukuncin babbar kotunta na 2001. Jihohi da yawa ba sa yi. Wanda takardunsa ba su kammala ba ya ga lauyan shige da fice kafin ya sa hannu a fom, musamman idan zaman gidan jinya ne na dindindin.

Duk shekara ana sabunta Medicaid, fom yana zuwa ta gidan waya da wa'adi, kuma idan ya wuce tallafin na iya tsayawa har da albashin mai kula. Kuɗin Gwaggo yanzu daga asusuna suke fita, ba na Baba ba, ta hanyar da ke ba da rasit. Idan jikinsa ya sake tashi ya koma gidan jinya, za a sake buɗe wata 60 ɗin ne, a ƙirga baya daga lokacin da muka sake nema.